Majemi a Layin Duba Fata

Shekara talatin da ɗaya ina jima.
Miƙo mini fatar akuya cikin duhu,
yatsana zai gaya maka inda ƙaya ta karce ta,
inda kaska ta kwana,
inda wuƙar mahauci ta yi gaggawa.
Damagaram kaf, ba mai sayar mini da aibu.

Amma fatar da na haifa,
wadda ke cin tuwo da ni a akushi ɗaya,
ban karanta ta ba.

Zabairu, ɗana na uku, zabiya ne.
Tun yana ɗan shekara tara
shi ke shanya mini ƙiraga a kan duwatsu.
Rana ta gasa dutse, dutse ya gasa yaro,
ni kuwa ina cewa namiji ne, zai saba.

A bayan kunnensa na hagu wani ɓawo ya fito,
bai fi ƙwayar dawa ba.
Ya ɓamɓare, ya dawo.
Uwarsa ta shafa man kaɗe.
Damina ta zo ta wuce, shi bai wuce ba.

Ran Laraba mai shela ya ratsa Birni a kan babur:
gobe a filin lakwal za a duba fata,
ba a biyan ko dala.
Na yi dariya. Fata? Ni za a koya wa?
Uwar ta ajiye ludayi, ta dube ni.
Ban ƙara ba.

Ban san muna da yawa haka ba.
Wata mata daga Mirya da tagwaye,
ɗaya kamar ni, ɗaya kamar ɗana.
Ɗalibai biyu suna kare ido da littafi.
Sai Mutari mai shayi na bakin Kasuwar Dole,
da tsumman da ya ɗaure a wuya tun bara,
ƙudaje sun rako shi har layi.

Likitar yarinya ce, Balki,
ba ta kai 'yata ta fari ba.
Ta kunna wata 'yar fitila mai gilashi,
ta bi goshi, ta bi leɓe, ta bi ƙeya,
a hankali, tana tsayawa, tana komawa.
Na san wannan tafiyar yatsa.
Tawa ce.

A bayan kunne ta tsaya.
Ta ce, Baba, wannan bai zama sankara ba,
amma hanyar ya kama.
Ta ɗauko wani abu kamar filas ɗin shayi,
ta fesa sanyi, wurin ya yi fari fat.
Zabairu ya damƙe gwiwata.
Wuri uku ta fesa.
Biyu ban taɓa ganinsu ba.

Da ta kwance tsumman Mutari
ba ta ɗauko filas ba.
Ta daɗe tana rubutu.
Na ji kalmar Yamai sau biyu,
na ji ya tambayi jaka nawa ne kuɗin mota,
da wanda zai riƙe masa tebur.

Muka dawo da malfa mai faɗin faifai,
da man shafawa, da takarda:
a komo bayan wata uku.

Yanzu ni ke hawa duwatsu da ƙiraga,
gwiwata tana tsine mini.
Shi yana rumfa, yana dakan bagaruwa,
cikin riga mai dogon hannu da ya tsana.
Duk Juma'a bayan la'asar
nakan ce zo nan, sunkuya.
Yakan ce hannuna na wari.
Nakan ce sunkuya dai.

Teburin Mutari, ƙanensa ne a kai.
Shayinsa bai kai ba.
Ina sha.